Ranar da Siminti Ya Haye Gada a Kafaɗa

Na fi shekara ashirin ina tuƙin babbar mota. Garuruwan da na kai kaya ba zan iya lissafa su ba, wasu ma sunansu ya ɓace mini. Amma akwai wata ranar Talata ta tsakiyar damina da ko tsufa ya kama ni ba za ta fita daga raina ba. Duk sanda na tuna ta sai na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai a bayan sitiyari.

A lokacin ina jan wata mota mai taya goma. Ƙa'idarta buhu ɗari huɗu na siminti, amma ni ɗari shida nake loda mata, kuma ina taƙama da haka a tasha. A ganina a wancan zamanin, direban da ke tsoron obalodi bai iya tuƙi ba. Na san duk inda ake tsayar da motoci a hau sikeli a kan hanyar Lakwaja zuwa Abuja, na kuma san lokacin da ma'aikatan ke tafiya cin abinci. Yanzu idan na tuna, kunyar kaina nake ji, amma haka nake.

Simintin na wani ƙauye ne da ke bayan Sheda. Mutanen ƙauyen, Gbagyi ne yawancinsu manoman doya, sun haɗa ƙarfi za su gina ɗakin haihuwa, domin matansu su daina shan wahalar tafiya Gwagwalada a kan babur cikin naƙuda. An faɗa mini sun daɗe suna jiran wannan rana. Da na sauka daga babban titi na kama ƙaramar hanyar kwalta da ke zuwa garin, sai ga 'yan acaɓa sun fi goma sun zo tarye na. Suka shiga gabana suna hon, suna kaɗa ganye. Na ji kaina ya yi girma, kamar wani gwamna.

Saura kaɗan mu shiga gari akwai wata gada a kan rafi. A bakinta na hango wata farar mota a ajiye, da wata mata sanye da hular kwano a kan mayafinta da riga mai ƙyalli irin ta masu aikin hanya. Ta fito tsakiyar titi ta ɗaga hannu. Na taka birki, motar ta yi ta jan jiki kafin ta yarda ta tsaya, ƙaurin taya ya cika wurin.

Ta yi mini sallama cikin ladabi, ta ce ita injiniya ce, daga ofis aka turo ta duba gadojin yankin. Ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba.

"Malam direba, buhu nawa ka ɗauko?"

Na ce, "Ɗari huɗu ne, Hajiya."

Ta zagaya motar, ta dubi yadda tayoyin baya suka baje, ta ƙirga layin buhuna ta gefen tamfol. Ta dawo tana ɗan murmushi.

"Ɗari shida dai. Tan talatin ke nan, ga nauyin motar kanta. Ka ga abin da aka rubuta a allon can?"

Na gani mana. Tan talatin aka rubuta, mota da kayanta duka. Na ce mata, "Hajiya, allo ai allo ne. Tun kina makaranta nake haye gadojin da suka fi wannan lalacewa. Idan na sa giya ɗaya na lallaɓa, ko ƙura ba za ta tashi ba."

Na zaci za ta yi fushi. Sai kawai ta ce, "To, sauko mu je in nuna maka wani abu. In ka gani ka ce za ka wuce, sai mu sake magana."

Muka gangara ƙarƙashin gadar, ƙafafuna suna nutsewa a laka. Daga sama gadar lafiya lau take, amma daga ƙasa wani abu ne daban. Ta nuna mini wata tsaga a jikin kankaren da hannuna zai iya shiga, rodi ya fito fili ya yi tsatsa jawur. Muna tsaye sai wata a-kori-kura ɗauke da doya ta bi ta samanmu. Wallahi na ji gadar ta girgiza, yashi ya zubo mini a hula. A-kori-kura fa! Na waiwaya, ga mata uku suna wanki a kan duwatsu, taku kaɗan daga inda muke.

Ta ce, "Ramukan nan da kwarin da kuke gani a babban titi, kuna zagin gwamnati, da yawansu irin lodinka ne ya haƙa su. Titi dai yana lotsawa a hankali, a zo a cike. Gada kuwa lokaci ɗaya take tafiya."

Duk tsawon shekarun nan sama kawai nake gani. Ban taɓa shiga ƙarƙashin abin da nake takawa ba.

Da muka hau, mun tarar gari ya fito. Mai gari da kansa ya zo, da makaɗa, da mata cikin anko. Da suka ji motar ba za ta haye ba, sai wuri ya kaure. Matasa suka fara ɗaga murya. Wani ya ce, "Madam, mu ne mai gada, ba kai ba! Oga direba, ka wuce kawai!" Mai gari ya nuna gabas da sandarsa. Hadari ne ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen mangwaro. Tamfol ɗina tsoho ne, duk huji. Kowa ya san abin da ruwa ke yi wa siminti. Gumin mutanen nan na shekaru zai koma dutse a bayan motata.

Injiniya ta tsaya a inda take, ko gezau. Ta ce idan aka rage rabin kayan, motar za ta iya hayewa a hankali. In ba haka ba, sai dai in juya. Sai duk ido ya dawo kaina, domin makullin yana hannuna. Na san idan na tayar da mota babu mai iya tare ni, kuma za a yi mini tafi. Na dubi matasan, na tuna yashin da ke kan hulata, na ji kaina ina cewa, "Ni dai ba zan hau gadar nan da wannan kaya ba." Ban san daga ina maganar ta fito ba.

Ana cikin gunaguni sai wata dattijuwa ta ratso taro. Gajeriya ce, ba ta kai kafaɗata ba. Daga baya na ji cewa ita ce ungozomar garin, kusan duk matasan da ke hayaniyar a hannunta suka faɗo duniya. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Idan gada ya karye, mace ya fara naƙuda, ta ina za ku kai shi asibiti? A kan bakinku?"

Ta juyo wurina ta buga jikin motar da tafin hannu. "Ɗana, buɗe. Sa mini ɗaya."

Na ce, "Mama, buhun nan da nauyi fa."

"Doya da nake ɗauka ya fi shi. Sa mini!"

Na hau na kwance igiya, na sauko da buhu ɗaya, wasu maza biyu suka ɗora mata. Matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Ta gyara tsayuwa, ta ɗan sunkuya, ta kama hanya ta haye gada ba ta ko waiwaya ba. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Shi ke nan, wuri ya ɓarke.

Ban taɓa ganin irin wannan aiki ba. Mata suka cire mayafan anko suka yi ɗamara. Matasan da ke zagi ɗazu suka shiga gasa, wannan ya ce zai yi sahu goma, wancan ya ce goma sha biyu. 'Yan acaɓa suna ɗora buhu bibbiyu. Wasu 'yan ga-ruwa, mutanen wajen Zamfara da ke ci-rani a Sheda, suka sauke jarkokinsu suka kawo kurarsu ta turawa, ba wanda ya roƙe su. Makaɗan da aka kira don tarbar mota suka tsaya a bakin gada suka canza kiɗa ya dace da taku. Mata suna rera waƙa da yarensu, ni ban san ma'anarta ba, amma ina saman mota ina miƙa buhu ina amshi da iyakar muryata, suna ta ƙyalƙyala mini dariya. Makarantar firamare tana can kan tudu, tafiyar 'yan mintoci daga gada, a cikin ajujuwanta ake jibge buhunan.

Injiniya da fari tana tsaye tana tsara mutane, kada su cunkushe a kan gadar. Can sai na ga ta tuɓe takalmanta, ta karɓi baro a hannun wani ta ce in sa mata. Na ce, "Hajiya, kayanki za su lalace." Ta ce, "Ni na jawo aikin, ai dole in taɓa." Baron ya yi ta karkata da ita hagu da dama, mata biyu suka kama mata suna tsokanarta. Kafin a jima dukkanmu mun yi furu-furu, ba ka bambance mai gari da ɗan ga-ruwa.

Muna sauke buhu na ɗari uku aka yi tsawa. Injiniya ta sa kowa ya matsa daga gadar, sama da ƙasa. Ta tsaya a ɗaya bakin tana yi mini alama da hannu. Na yi bisimilla na sa giya ɗaya. Na haye manyan gadoji a ƙasar nan ban taɓa jin komai ba, amma wannan 'yar gadar sai da na yi ta addu'a har na haye. Tayar baya tana taka ƙasa, ihu ya tashi kamar an ci ƙwallo. Na ja motar har ƙofar makaranta, aka yi caa a kan sauran buhunan. Ɗigon farko ya sauka a goshina ina miƙa na ƙarshe.

Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Babu wanda ya nemi mafaka. Muka tsaya a filin makaranta ruwa yana wanke mana ƙurar siminti, makaɗa suna kiɗa daga baranda. Mama ungozoma ta kamo hannuna da hannun Injiniya ta ja mu tsakiyar fili. Ni da rabona da rawa tun ina saurayi, ranar na taka har hulata ta faɗi a kwata. Bayan mun yi sallar la'asar tare da 'yan ga-ruwan, aka kawo mana sakwara da miyar agushi a cikin aji. Muka zauna a kan bencin 'yan makaranta, ga buhuna ɗari shida a bushe, ko ɗaya bai jiƙe ba.

Da na koma na shaida wa mai motar cewa daga yau ɗari huɗu zan riƙa ɗauka, in bai yarda ba ga makullinsa. Ya yi kwana biyu yana fushi, sannan ya kira ni. Abokaina a tasha sun yi ta yi mini ba'a wai na tsufa, ban kula su ba. Bayan wani lokaci na sake kai kaya yankin, na tarar an gyara gadar, ɗakin haihuwar kuma an shafa masa koren fenti, ga zannuwan jarirai an shanya a igiya.

Abin da na koya a ranar shi ne, hanyar da nake takawa ba tawa ba ce ni kaɗai. Kowane buhu da na ƙara a kan ƙa'ida, akwai wanda zai ɗauki nauyinsa, ko da ban san fuskarsa ba. Shi ya sa yanzu idan na hango sikeli a gabana, da kaina nake sa sigina in shiga layi, hankalina kwance.