Zanena Ne, Amma Sunan Wani Ke Bakin Zanin

A farkon shekarun dubu biyu ni budurwa ce a unguwar Sabangali, na gama lise, wato sakandare, ba aikin yi, sai kaifin baki da iya zane. Babana mahauci ne, shi ma ya san ba na iya jira. Idan ruwan kogin Chari ya janye, lakar bakin kogi takan tsattsage, tsuntsaye su bi ta kai su bar sawu. Shi na zana, na yi ta gyarawa har ya zama adon da ban taɓa gani a jikin atamfa ba.

Tsohuwar malamarmu ta zane ta ce kada in nuna wa kowa sai na kai shi ofis an yi rajista da sunana. Na ce mata ba ni da lokacin bin layi ana ce mini in dawo gobe. Na ɗauka na kai wa wani Alhaji mai sayar da atamfa, aminin babana. Ya yaba, ya ce zai nuna wa masu buga atamfa idan ya yi tafiya. Na miƙa masa takardar, ita kaɗai gare ni, ko kwafi ban yi ba.

Bayan damina, a kasuwar Habbena, na hango zanena a jikin wata mata tana tayin kifi. Na bi ta na kama bakin zaninta ba ko sallama. Sunan shagon Alhaji ne a rubuce. Na same shi, ya bari na gama faɗana, sannan ya ce, "'Yata, laka da sawun tsuntsu na Allah ne. Rajista kuwa tawa ce." Babana ya hana ni kai ƙara saboda amincinsu. Ko da ya bar ni, da wace shaida zan je?

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Na ɗinka adon a zannuwan gado ina sayarwa a unguwar Atrone. Wata mai saye ta ce aikina da kyau, amma in daina kwaikwayon atamfar Alhaji, in ƙirƙiro nawa. Na miƙa mata zanin, na karɓi kuɗina.

'Yan'uwa masu fasaha, kada ku raina takarda. Duk abin da ya fito daga kanku, ku sa masa sunanku kafin ku nuna shi, ko ga wanda kuke durƙusa wa ku gaida. Na ƙi bin layin ofis, yanzu ni ake kira mai kwaikwayo.