Ranar Da Baba Ya Nemi Mai Unguwa A Delhi

A lokacin ina saurayi, ban daɗe da gama jami'a ba, ina ji da Turancina kamar ni na haifi Bature. A ƙauyenmu da ke gefen Zakirai ni ake kawo wa takarda in karanta, don haka da likitoci suka ce aikin zuciyar Inna sai a Indiya, ni dangi suka haɗa da ita da Baba. Na ɗauka ni ne idonsu, ni ne bakinsu.

Tun daga filin jirgi Delhi ta ruɗa mu. Mutane kamar ƙasa, hon ba ya tsayawa. Inna da ke jingine a kafaɗata ta ga Keke Napep ba iyaka, ta ce ashe nan ne mahaifarsu. Baba kuwa shanun da ke kwance a tsakiyar titi ba makiyayi ne suka dame shi, ya ce a garinmu da tuni magana ta kai gidan dagaci. Sai ya tambaye ni ina gonakin mutanen nan, na yi kamar ban ji ba.

Da muka sauka a masauki kusa da asibiti, Baba ya kwance ƙullin gyaɗa da dabino ya ce in raka shi ya gaida mai unguwa, wai baƙo ba ya kwana a gari bai sanar da zuwansa ba. Na yi dariya, na ce nan birni ne, ba wanda ya san da zaman wani. Bai kula ni ba. Ya leƙa lungun, ya hango wani tsoho mai guga da dutsen gawayi, wanda duk mai wucewa sai ya tsaya wurinsa, ya ce ga shi can. Ya je ya gaishe shi da Hausa tiryan-tiryan, tsohon yana amsawa da nasu yaren. Kullum da safe haka. A kwana na uku kunya ta ishe ni, na ɗaga masa murya a gaban Inna, na ce yana mai da mu abin kallo. Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Ana saura kwana biyu aiki, asibiti suka ce sai mun kawo mutum huɗu su ba da jini, in ba haka ba a ɗaga, ga Inna numfashi yana yi mata wuya. Ni ɗaya ne, Baba kuma shekarunsa sun wuce. Na yi Turanci a ofis-ofis har maƙogwarona ya bushe, ba abin da ya sauya. Nan ido ya raina fata. Da na gaya wa Baba, sai ya sa hularsa ya fita. Ta taga na gan shi a gaban mai gugar, yana nuna jijiyar hannunsa, yana nuna asibiti, ya ɗaga yatsu uku.

Washegari da sassafe tsohon ya iso da direbobin keke biyar, ko addininmu ba ɗaya ba. Ɗayansu mai ɗan Turanci ya ce mini tsohon ya shaida musu cewa wanda ya zo ya yi gaisuwa ya zama ɗan lungu. Aka yi aiki, Inna ta tashi. Yanzu haka tana gida tana faɗa da awakinta.

Baba bai taɓa yi mini gori ba. Ranar da za mu taho ya miƙo mini ragowar dabinon, ya ce, "Je ka yi wa mai unguwa sallama." Na je na durƙusa har ƙasa a gaban mai guga, jama'a suna kallo, ban kuma ji kunyar komai ba sai alfahari da uban da ya haife ni.

Ina jan kunnen 'yan'uwana 'yan boko: in kun fita da iyayenku, kada ku raina abin da suka ƙullo daga gida. Ni da digiri na je Delhi, Baba da gaisuwa, kuma jinin da ya ceci Inna gaisuwar ce ta kawo shi.