Uwar Layi da Mai Shuɗiyar Tirela

A tashar jiragen ruwa, Uwar Layi ake kiranta, alhali ita ce ta kashe layin motoci. 'Yar direba ce. Ta tashi tana ganin mahaifinta yana kwana a bakin ƙofar tashar yana jiran a ɗora masa kwantena, ya dawo gida ƙafa a kumbure, yara sun yi barci. Shi ya sa da aka ba ta aikin tsara shigar motoci, ta yanka wa kowane direba lokacinsa. Ka zauna a gidanka sai ta kira ka a waya, ka shigo da fanko, ka fita da kaya. Direbobi har addu'a suke mata, matansu kuwa sun fi su.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta, wani dattijo mai shuɗiyar tirela. Ko da la'asar aka ba shi, da hantsi zai iso ya tokare hanya. Manaja ya gaji, ya ce in ya sake, a karɓe masa izinin shiga.

Ta sauko daga ofis ta same shi a gindin taya yana goge fitilar da ba ta da datti.

"Baba, so kake a raba ka da abincinka? Me ya hana ka zama a gida?"

Ya daɗe yana ninke tsumman hannunsa.

"'Yar nan, gidan da wa? Tun da tsohuwa ta rasu, ni da agogon bango ne. Da can a layi nake ganin mutane. Kin gyara, Allah ya yi miki albarka, amma kin kwashe mini abokan hira."

Maganar ta soke ta. Ita da ta yi aikin nan don iyaye su koma gida, ba ta taɓa tunanin wanda gidan ya yi wa faɗi ba.

Ba ta karya doka ba. Ta dai mayar da shi sahun farko na safe, ta haɗa lokacinsa da na tsohon amininsa, wani mai surutu kamar rediyo, kwantenoninsu a jere ƙarƙashin ƙugiyar ɗaga kaya ɗaya. Tare suke shiga, tare suke fita, suna musun wanda ya fi iya ribas.

Har yau in ta hango su ta taga sun gama lodi suna jan ƙafa, sai ta kau da kai ta kira mota ta gaba. A duk tashar, su biyun kaɗai take bari su ɓata lokaci.