Labulen da Goggo Wietske Ta Hana a Ja

Goggo Wietske, zan fara da abin da ko ƙawayena na aji ba su sani ba. Shekarar da na ce musu mun tafi ƙauye jinyar kakata, a gidan da kika buɗe wa matan da suka gudo daga duka muke ɓoye, ni da Mama, saboda Baba.

Ranar Talata, tara ga Fabrairu 1988, Mama ta ajiye kan waya, ta ce kin rasu, zuciyarki ta tsaya kina kan keke, za ki raka wata mata kotu.

Garinmu ya san ki da rigima. Ke kika tsayar da aiki a kamfanin biskit sai da aka daidaita albashin mata da na maza. Ke kika kwashi jarirai kika jera a zauren majalisar gari, kika ce su yi reno tunda sun hana gidan reno. Ni kuwa da labule na san ki.

Ranar da muka zo, na ga tagar falo a buɗe, na ruga na ja labule. Kika kama hannuna.

"Ke 'yar nan, so kike ki tona mu? A Holand wa ke rufe labule da rana? Gidan da ya rufe shi ake leƙe."

Kika buɗe, kika gyara tukunyar fure. Haka muka zauna a idon kowa, ba wanda ya gan mu. Ko ranar da motar Baba ta bi layin a hankali, ina ƙarƙashin tebur, ke kina bakin taga kina feraye dankali.

Kin sha kama ni da littafin soyayya ki ce, "Wannan jarumin naki ya iya wanke kwano kuwa?" Amma ke kike sayo mini wani.

Yanzu majalisa za ta zauna ranar Alhamis kan rufe gidan matan da kika buɗe, wai babu mai buƙatarsa. Ƙanwarki Tjitske ta roƙi waɗanda suka zauna ciki su rubuto wani abu da sunansu, ta karanta a can. Ba wadda ta rubuto. Mama ta ce, "Aukje, ubanki na garin nan har yanzu. In ya ji sunanki fa?" Na san haka. Na kuma san akwai mata a gidan yau da ba su da wurin zuwa.

Allah ya jiƙanki, Goggo, ya ba ki hutun da kika hana kanki. Allah ya ba Tjitske da iyalanki haƙuri, da mu da kika ɓoye.

Na yi niyyar cusa takardar nan cikin littafi in bar ta. Na fasa. Gobe da safe zan hau keke in kai wa Tjitske, hannu da hannu.

Aukje Veenstra