Tsinken da Na Gutsura

Har gobe in na buɗe kwalin sabon takalmi, ƙamshin fatar nan ya daki hancina, sai wani tsohon abu ya dawo mini sabo. Na haura sittin, na yi jikoki, amma abin bai bar ni ba. Kishi ne, ba sai na sa mishi wani suna ba.

Shekarar da fari ya cinye mana dabbobi a ƙasar Tawa, innata ta kwaso ni muka sauka gidan kawu a unguwar Gamkalley, a babban birni. Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, ana raba jar dawa a bayan mota, tuwonta kamar an dafa ƙasa. Kawu ma'aikacin biro ne, wato ofis. Yana da ɗiya ɗaya da ta girme ni da shekara guda, taubashiyata. Ita lakwal take zuwa, makarantar boko, da kayen rubutu a hannu. Ni kuwa lambun bakin kogi aka tura ni, ina jan ruwa ina ba ganyen salati, taɓo har idon sawu.

Wata rana aka ce kawu zai yi tafiyar aiki Kwatano, zai sayo wa ɗiyarsa takalmi. A zamanin ba a kai yaro kasuwa, ba a san lamba ba. Kakarmu ce ke zaro tsinken tsintsiya ta auna ƙafa daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta karya daidai, mai tafiya ya sa a aljihu. Ta auna taubashiyata ina tsaye. Na miƙa tawa ƙafar.

Kaka ta ce, "Ke kuma ina za ki da shi? Salati zai kalle ki?"

Taubashiyata ta yi dariya ta ce, "Bari, baiwata, in ya tsufa na ba ki."

Wannan maganar ce ta ba ni dabara. A gidanmu duk abin da ya yi wa babba kaɗan, ƙarami yake faɗa wa. Kaka ta soke tsinken a jikin zana, aka shiga sallar azahar. Na zare shi, na sa haƙori na gutsure kamar gaɓar yatsa, na mayar. Guntun ma haɗiye shi na yi don kada a gani.

Bayan mako biyu takalmi ya zo. Ja ne, da ɗan ƙarfe a gefe da 'yar dunduniya mai ƙwas-ƙwas. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, har yau kuwa. Ta zauna a kan turmi ta cusa ƙafa, ina kallon yatsunta suna lanƙwashewa. Na jira ta ce ya matse ta. Ta ɗaga kai ta dubi ubanta, wanda ya rame saboda ciyar da mu duka, ta ce, "Daidai ne, Baba."

Kun ji yarinya. Haka ta dinga tafiya da shi lakwal tana dawowa, kai a sama, 'yan unguwa na bin ta da ido. Sai ta shigo zaure take cire shi, dunduniya ta saɓule, ƙaramin yatsa ya yi jawur. Kada ku ɗauka tausayi na ji. Haushi na ji, don ko ciwon ma ya yi mata kyau.

Kaka ce ta gano. Ta karɓi tsinken a wurin kawu ta ɗora a tafin takalmi, ya yi daidai. Ta ɗora a ƙafar yarinya, ya gaza. Ta juya bakin tsinken ta ga shaidar haƙori. Ba ta dake ni ba, ba ta gaya wa kowa ba. Gwangwanin man kaɗanya ta miƙo mini ta ce, "Daga yau ke za ki riƙa shafa mata, tunda kin san girman ƙafarta fiye da ni."

Na shafa wannan ƙafa tun daga zafi har damina ta faɗi. Siririya ce, mai laushi kamar ba a taka ƙasa da ita. Ina shafawa ina duban tawa, duk faso.

Da shekara ta zagayo aka ce to, ga shi, ya faɗo mini. Tsawo ya yi. Faɗi ne ya ƙi. Lambu ya baje mini ƙafa kamar faranti, ko rabi ba ta shiga ba. Aka ba wata 'yar maƙwabta.

Sai da na haifi 'ya'ya biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar da na rubuta sunana da hannuna, na tafi kantunan Maourey na sayi takalmi mai tsini, ja, na sha azabarsa shekaru ina cewa daidai ne. Yanzu gwiwa ta hana. In na je saye, shimfiɗaɗɗe nake nema, mai taushi a ciki, mai faɗin baki. Amma in mai kanti ya miƙo mini irin na majinyata, baƙi ƙirin kamar kwale-kwale, mayar mishi nake yi. Tsufa na yi, ban makance ba.

Taubashiyata tana unguwar Bobiel, ta yi ritaya, ciwon suga ya kumbura mata ƙafa, ba ta iya zuwa kasuwa. Watan jiya ta ce in sayo mata takalmi, jikarta za ta rubuta mini lamba. Na ce a kawo tsintsiya. Na durƙusa na auna, ƙaramin yatsan nan yana nan a lanƙwashe yadda jan takalmi ya bar shi. Na ƙara gaɓar yatsa ɗaya kafin in karya.

Ta ce, "Wannan karon ki bar shi da tsawonsa, baiwata."

Ashe ta sani, shekara hamsin. Ta sani kuma ba ta taɓa ba ni damar neman gafara ba, ko a nan ma ta fi ni. Na sayo mata mai taushi, ruwan ƙasa. Akwai ja a kantin, lambarta daidai. Kumburi ya sa ƙafarmu ta zo ɗaya, sai na saye shi, ni na sa shi.