Littafin da Ya Kunyata Ni a Gaban Gwaggo

Littafin da ƙanwata ta ba ni ya zubar mini da mutunci a tsakar gidana, kuma har yau ban yafe wa wanda ya rubuta shi ba.

Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, nan bayan Ƙofar Kaura. Da karatu ya zauna mini, sai na zama mai karanta wa matan layinmu littafi bayan la'asar. Su zo da zogalensu suna tsinka, ni ina kan kujera 'yar tsugunno ina karantawa. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ce alƙaliyar wurin. Duk wanda ya shigo cikin labari sai an faɗa mata ɗan wane ne, wace unguwa, mece ce sana'ar ubansa, in ba haka ba ba a wucewa gaba. Haka take yi wa baƙo ko a zaure. Ita ce kuma ta daɗe tana cewa karatun tsufa zane ne a kan ruwa, sai da na karance mata littattafai da dama kafin ta yi shiru.

Ƙanwata malamar kwaleji ce, a GRA take zaune. Ta ce yanzu na wuce littattafan soyayya, ga wanda masana ke yabawa, kuma da Hausa aka rubuta shi. Na karɓa ina jin kaina, na tara mata.

Labarin wani mutum ne tsaye a ƙofar gidansu, ya ɗaga ƙafa zai shiga. Ba suna, ba sallama. Jimla guda ta cinye shafi babu aya, har numfashina ya ƙare. Kafin in farfaɗo, ga shi yaro a bakin rijiya. Can wata mata ta kama magana, ashe ta rasu tun a shafin baya. Gwaggo ta tsayar da ni, ta tambaye ni ɗan wane ne. Na ce ba a faɗa ba.

"Ba a faɗa ba, ko dai ba ki gano wurin ba?"

Maƙwabciyata ta ce ƙila shafi biyu na haɗa na juya. Na nuna musu lambobin shafi, mutanen da ba su san lamba ba. Washegari rabinsu ba su zo ba, mutumin nan kuwa ƙafarsa na sama har yanzu. Gwaggo ta kakkaɓe zaninta ta ce, "A bari ɗiyarki ta dawo daga makaranta ta riƙa karanta mana. Ke kam kin yi ƙoƙari."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na kuma san in yarinyar nan ta hau kujerar sau ɗaya, ni da ita har abada.

Na ajiye zaman, na koma wa littafin ni kaɗai da fensir. Duk inda na gane mai magana sai in sa alama, inda aka koma baya in ja layi. A hankali ya buɗe. Ashe duk abin a cikin kan mutumin ake yi, yadda kana tsakiyar salla zuciya za ta tafi kan tukunya, ta wuce bikin shekaran jiya, ta leƙa kabarin uwarka, ta dawo kafin ka yi ruku'u. Matar da ta rasu mahaifiyarsa ce, tsoron shiga gidan da babu ita ne ya tsayar da shi. To, na gane. Ganewar sai ta ƙara mini ƙyama. Mutum ya san labarinsa sarai, ya yayyanka shi ya miƙo maka, kamar telan da ka kai wa atamfa ya dawo maka da ƙyallaye ya ce ka ɗinka da kanka. Ni da na sha wuya kafin in haɗa baƙi da wasali, ni za a mayar wa da aikin marubuci?

Na kira ƙanwata na zazzage mata. Ta yi dariya, ta ce ai daɗinsa ke nan, da gangan aka yi shi haka. Sannan ta ƙara da cewa irin wannan ba na tsakar gida ba ne, shiru ake karanta shi. Na ce lokacin da take miƙo mini bakinta ciwo yake yi? Ta ce in yi haƙuri, in koma musu da wani littafin kawai.

Wani littafin ba zai wanke ni ba. Gwaggo za ta ce mai sauƙi na iya, da aka zo ga na gaske na kasa. Amma takardun ƙanwata tana ganin girmansu, in ta ji wannan shirme daga bakin malamar kwaleji, kalma bayan kalma kamar yadda na karanta, ba ta da ta cewa.

Da safe na sa littafin a jaka, na hau keke napep zuwa GRA. Na same ta tana karyawa. Na ajiye shi kusa da kofin shayinta, na ce yau bayan la'asar ita za ta karanta wa Gwaggo, daga shafin farko, da ƙarfi. Ta ce tana da aji. Na cire mayafina, na zauna a falonta, na ce zan jira.