Asankar Mma a Akwatin Amurka

Tikitin ya zo ne ta waya, kamar yadda komai ke zuwa yanzu, har da ta'aziyya. Surukina ne ya saya ya turo, domin 'yata ta kusa haihuwar fari a Bronx, can Amurka, kuma an yanke cewa ni zan je in yi mata zaman jego na wata shida. Na sa tabarau na karanta shi daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun da ba a yi su don a karanta ba. Wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana duba jarrabawar yara ba ta iya tsallake layi. A can ƙasa aka rubuta abin da ya shafe ni: akwati biyu, kowanne kilo ashirin da uku, sai 'yar jakar hannu.

Ban faɗa wa kowa ba sai ƙanena, direban tasi, don shi zai kai ni filin jirgi. Kafin la'asar Nima, zangonmu na Hausawa a nan Gana, ta sani. Kafin magariba labari ya tsallake babbar kwata ya shiga unguwar Maamobi.

A zangonmu akwai ƙa'idar da babu kamfanin jirgin da ya san da ita. In aka ba matafiyi akwati biyu, ɗaya nasa ne, ɗayan na jama'a. Da wuya ka sami gidan da ba shi da wani a Bronx ko Jamus ko Italiya, kuma duk mai tafiya can gidan waya ne mai ƙafa biyu. Saƙo ba a ƙinsa. Wanda ya ƙi, ranar da zai aika nasa zai tarar kowa ya kurumce. Wanda kuwa ya karɓa, sannan ya bari aka dawo da shi daga filin jirgi, gara ma tun farko ya ƙi, don wannan ana tuna masa da shi har ranar sunan jikansa.

Suka fara zuwa. Kowa da gaisuwarsa mai tsawo, sannan ya gyara zama ya ce, "Tica, ɗan abu ne, bai kai komai ba." Na lura duk saƙon da aka kira ɗan abu sai an ɗauko shi da hannu biyu. Akwai shito, soyayyen barkonon nan namu, a cikin robobi, an naɗe murfinsu da salatif kamar mai karaya. Akwai busasshen kifi, da yaji, da atamfa, da ɗinkin Sallah, da wani maganin ciwon baya da mai shi ta rantse Turawa ba su gano shi ba tukuna. Kilishi kaɗai na mayar, shi ma ba a ji haushi ba, don kowa ya san karnukan filin jirgin can sun fi mu saninsa.

Sharaɗi ɗaya na kafa: kowane ƙunshi za a kwance shi a gaban mai shi. Kamfanin jirgi yana so ki rantse kin san duk abin da ke cikin akwatinki, zango kuma yana so ki rantse ba ki leƙa ba. Na bi kamfanin jirgi, tun da su ke da 'yan sanda.

"Ei, Tica!" in ji wata maƙwabciyata da na koyar da 'ya'yanta duka. "Har yanzu ba ki daina binciken jakar mutane ba? An ce kin yi ritaya."

"Hannun ne bai samu takardar ba," na ce mata. "Kwance."

Wadda ta zo ƙarshe ita ce tsohuwar da ke ɗakin bakin ƙofar gidanmu, wadda kowa ke kira Mma. Wake da shinkafa ta sayar a bakin titi har gwiwoyinta suka ƙi. Ɗanta ɗaya ne, yana Bronx tun gashin kansa na baƙi, kuma ba shi da takardu. In ya fito ba zai koma ba, saboda haka bai fito ba, ko da aka binne mahaifinsa. Ita da shi sun san, ba tare da wani ya furta ba, cewa ganin da ya rage musu shi ne na gilashin waya.

Ta ajiye ƙunshinta ta kwance da kanta, ba ta jira na ce ba. Asanka ce, baƙin kaskon ƙasan nan mai zane a ciki da muke niƙa tattasai mu kuma ci abinci a ciki. Ta tsufa har zanen ya kusa shafewa, kuma bakinta ya gutsure a gefe ɗaya, kamar girman farcen babban yatsa.

"Mma, wannan ai ana sayarwa can," na ce. "'Yata ta ce akwai shagon 'yan Gana a layinsu, har kenke, tuwon masarar nan, suna da shi."

"Na ji."

"Ga nauyi, ga saurin fashewa. Ga bakinta ma ya gutsure."

"Shi ya gutsure ta," ta ce, da muryar mai faɗin kuɗin albasa. "Ki ba shi. Ki ce ya riƙa cin abinci a ciki, ya daina ci a takarda kamar ɗan tasha."

Ba ta roƙa ba, ba ta yi kuka ba. Ta dafa bango ta miƙe ta koma ɗakinta. Na naɗe asankar da zannuwana na sa ta a tsakiyar akwatina, don akwatin jama'a ya kusa cika, kuma ban yarda da zaman ƙasa kusa da shito ba.

Ana gobe tafiya ƙanena ya zo da sikeli. Ya aro shi ne wurin abokinsa ɗan kondem, cikin masu yawo da kura suna sayen tsofaffin ƙarafuna. Sikelin ratayewa ne mai ƙugiya. Muka ɗaure shi a reshen mangwaron tsakar gida, matan gida suka kewaye mu kamar ana yankan rago. Aka rataya akwatin jama'a, allura ta tsaya ƙasa da ashirin. Aka rataya nawa, shi ma haka.

"Ka tabbata da sikelin nan?" na tambaye shi.

"Haba Yaya. Da sikelin nan mutumin ya gina gida a garin Kasoa."

Na koyar da lissafi a aji, amma ban tsaya na tambayi kaina ta yaya sikeli ke gina gida ba. Abin da na yi shi ne na ce, a bainar jama'a, "Ashe akwai sauran wuri." Waɗanda kunya ta hana su kawo ɗan abu na biyu suka ruga suka kawo. Ni ma na shiga ɗaki na ɗauko littattafan da na jima ina tarawa ina cewa sai na huta zan karanta su, na ƙara da garin gero na kunun mai jego. Muka yi ta ƙari muna ratayawa har allura ta zauna daram a kan ashirin da uku. Aka yi tafi. Wata ta ce ko injiniya sai haka.

Washegari da yamma ƙanena ya sauke ni. Ɗan rakiya ba ya shiga ciki, ba ya kuma tafiya. Yana tsayawa a waje har sai matafiyi ya bugo ya ce kaya sun wuce, saboda in an rage wani abu shi zai koma da shi gida.

Yarinyar da ke karɓar kaya mai ladabi ce, sa'ar waɗanda na koyar a ƙarshen aikina. Ta duba tikiti, ta ce in ɗora. Na ɗora na farko, lamba ta haska. Na ɗora na biyu. Kowanne ya haura da kusan kilo huɗu.

"Mami, ko ki biya ko ki rage," ta ce. Ta faɗi kuɗin da dala. Na juya shi zuwa kuɗinmu sidi a kaina, na ga ba magana ce ta tsohuwar malamar makaranta ba.

A gefe akwai wani lungu inda 'yan Gana ke durƙusawa gaban akwatunansu, Musulmi da Kirista sahu ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin rayuwarsa. Na ja nawa na shiga sahu, na kira ƙanena.

"Sikelin mai saye ka aro mana, mai rage nauyi."

Ina jin hon ɗin motoci ta wayarsa.

"Kai! Shi ya sa ya ce kar in bar kowa ya taɓa ƙusar baya." Ya yi 'yar dariya, ya ga ban taya shi ba, ya daina. "To Yaya, ki ji. Ki fitar da kaskon tsohuwar nan, shi kaɗai ya ɗauke rabin matsalar. Zan ɓoye shi a but ɗin mota. In kin isa ki sayi sabo ki ba ɗan. Wa zai sani? Ƙasa ai ƙasa ce."

Shawarar ba ta wauta ba ce, dole in faɗa. Ba a mayar da saƙo ba, tun da babu wanda zai ga an mayar. Na kwance zannuwan na ɗaga asankar ina auna ta da hannu. Ba zan ce tausayi ya lulluɓe ni ba, a lungun nan babu wurin tausayi, wani ma yana neman in matsa masa. Yatsana ne ya faɗa cikin gutsuren. Na yi tunanin cewa sabuwa ba za ta zo da shi ba, sai dai in yi mata. Na hango kaina, mace mai jika a hanya, tsugune a matakalar wani bene a Amurka ina ƙwanƙwasa bakin kasko a hankali don ya yi kama da na gaskiya. Na kori yara daga ɗakin jarrabawa a kan abin da bai kai wannan ba.

Na mayar da ita cikin zannuwan.

Abin da ya rage lissafi ne mai sauƙi. Na jama'a ba ya komawa, saboda haka abin da ya haura a akwatinsu ya dawo nawa, nawa kuma ya fita. Littattafai suka fara fita, duka. Garin gero ya bi su. Takalman sanyi na sa a ƙafa, rigunan sanyi biyu na sa a jiki, na ɗora babbar kwat ɗin da 'yata ta aiko mini a kai. Na kai wa ƙanena ledar a bakin ƙofa, ina tafiya kamar buhun gawayi, gumi na bin bayana.

Ya buɗe ya duba. "Duk naki ne?"

"Duk nawa ne."

"To alhamdu lillahi. Zan iya shiga gida ta ƙofa." Ya kalle ni sama da ƙasa. "Yaya, sanyin ai sai kin isa."

"Ka mayar wa abokinka sikelinsa. Ka ce ina gaishe da gidan Kasoa."

Yarinyar ta sake aunawa, ta liƙa takarda, akwatunan suka shige bayan labule. Shigata kuwa ko a jikinta. Ina jin ta saba gani.

'Yata ta haihu lafiya, mace. Garin gero na same shi a shagon layinsu kamar yadda ta ce, kusa da wani tarin asanka sababbi fil, bakinsu lafiya lau. Wata shidan nan ban karanta komai ba sai bayan gwangwanin madara da takardun asibiti, kuma na gane mai zaman jego ba ta da lokacin littafi ko da ta zo da shi. Masu saƙo suka yi ta zuwa suna karɓa. Kowa ya tambayi zango, ya ci abinci, ya duba agogo ya tafi aiki.

Ɗan Mma ya zo ranar wata Lahadi, shi ma tasi yake tuƙawa. Furfura ta cinye masa gemu. Na miƙa masa, na faɗa masa saƙon baki kamar yadda aka ba ni, har da ɗan tasha. Ya juya asankar, ya sa babban yatsa a gutsuren. 'Yata ta karɓa ta niƙa tattasai da albasa a ciki, ta zuba masa shinkafa da kifi. Ya ajiye a gabansa, ya kira wayar matar ƙanena da ke gidanmu, aka kai wa tsohuwa.

Fuskarta ta cika gilashin, ta matso da shi har sai ido ɗaya muke gani. Ba ta tambayi lafiyarsa ba tukuna.

"Juya min bakinta."

Ya juya.

"Matso da ita."

Ya matso da wayar daidai gutsuren. Ta daɗe tana kallo.

"Ita ce," ta ce. "Tica tana nan?"

"Ga ni, Mma."

"Ƙaninki ya ce wai ƙasa ƙasa ce."

"Shi ya faɗa miki?"

"Wannan ko barci yake bakinsa a buɗe yake. Littattafanki suna ɗakina. Na sa an ɗora su kan benci saboda ruwa ya shigo gida." Ta koma kan ɗanta. "Kai kuma ci abincinka kafin ya huce."

Ta ajiye wayar a kan gado ba ta kashe ba, don ba ta san inda ake kashewa ba. Shi ma bai kashe ba. Ya jingina tasa da kwalbar ruwa, ya wanke hannu ya fara ci. Muna ganin kwanon rufin ɗakinta, muna jin tana jan kujera, can nesa wani mai kura yana kiran kondem. Ya cinye tas, ya suɗe gefen da yatsa.